Kyautar ranar haihuwa a farkon zance

Wani mai sauraro daga Babban Giji ya turo yana cewa wata biyu ke nan da ya fara zuwa zance wajen wata yarinya a Gyaɗi-Gyaɗi, ga ranar haihuwarta ta gabato, abokai kuma sun matsa masa sai ya saya mata waya.

To, Malam, ka dakata da maganar wayar nan. Toshi dai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun san kuɗin zance, sun san toshin Sallah. Bazde, wato bikin ranar haihuwa, ita ce sabuwa, kuma Instagram da TikTok ne suka ɗaga mata farashi. Sai dai har gobe babbar kyauta magana ce da ake yi da gida. Idan yarinya ta shiga da sabuwar waya, mahaifiyarta za ta tambayi wanda ya ba ta. Kai kuwa ko gaisuwar iyaye ba a kai maka ba, me yarinyar za ta ce? Ka jefa ta cikin tsaka mai wuya, ita ma ta fara jin kamar ta ci bashi.

Turare mai kyau ya isa. In aljihu da nauyi, leƙa Kantin Kwari ka ɗauko turmin atamfa ɗaya, ka haɗa da alawar ƙannenta, don su ne masu yi maka sallama da ita. Ka bayar a ƙofar gida, da sanin iyayenta. Kuma ka fara binciko ko gidan ma suna yarda da bikin, domin wasu iyayen ba sa so sam.

Wayar kuwa, bari sai manya sun shiga maganar.