Darasin wannan fitowa: ina za mu ajiye kayan lambu?

Tun da aka raba filayen lambu, kusan kowane gida ya samu fartanya, adda, manjagara ko butar ban-ruwa, wasu kuma har da taki da maganin feshi. A garuruwan da muka baro muna da rumbu da zaure da ɗakin ajiya. A nan kuwa ɗaki guda ne, a ciki ake kwana, a ciki abinci yake, a ciki yara ke rarrafe. Shi ya sa maganar ajiya ta zama maganar lafiya.

Mu fara da mai kisa, wato maganin ƙwari. Kowace kwalba tana da zanen launi a ƙasan takardarta. Ja shi ne mafi haɗari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. Ko wanda bai yi karatu ba zai gane wannan, amma kore ma guba ne, sauƙinsa kawai ya fi. Kada a juye magani a robar lemo ko ta ruwa. Yaro mai jin ƙishi ba ya tambaya, roba kawai ya sani. A bar shi a kwalbarsa, a rufe gam, a sa a akwatin ƙarfe mai kwaɗo a wajen ɗakin kwana, cikin inuwa, nesa da hatsi da randa. Idan ya ƙare, a ɗauraye kwalbar sau 3, a juye ruwan ɗaurayar cikin famfon feshi, sannan a huda ta. Mun san roba na da daraja a nan, kuma abin da ciwo a huda mai kyau. Duk da haka wadda ta taɓa ɗaukar guba ba ta sake zama ta man gyaɗa, ko an wanke ta da toka da sabulu.

Akwai ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake don kashe ƙwari. Da ta ji danshin iska sai ta riƙa fitar da iska mai guba, kuma tana iya kashe mutanen da ke barci a ɗakin da buhun yake. Ba a kwana ɗaki ɗaya da ita, ko dare guda. Buhun PICS mai ninki 3 yana adana wake ba tare da magani ba, in dai an ɗaure kowane ninki da kyau.

Irin shuka da kuka ga an rina shi ja ko kore, wannan launin gargaɗi ne cewa an cakuɗa shi da magani. Ba na tukunya ba ne, ba na kaji ba ne, ko da rabon abinci ya yi jinkiri. Takin yuriya kuma fari ne kamar sukari a idon yaro, kuma yana shan danshi ya dunƙule. A ɗaure bakin buhu, a ɗora shi kan katako ko duwatsu.

Idan tsautsayi ya faru, alamomin su ne dalalar miyau, gumi, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido da wahalar numfashi. Kada a sa mutum amai da gangan, kada a ɗura masa madara ko manja kamar yadda muka saba ji. A tuɓe masa rigar da maganin ya taɓa, a wanke jiki da sabulu. In ido ne, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15. Sai asibitin sansani nan take, tare da kwalbar, domin ita ce za ta nuna wa likita abin da aka sha.

Kayan ƙarfe maganarsu gajeriya ce. A kankare ƙasa, a shanya, a shafa ɗan baƙin mai saboda tsatsa. A rataye su sama, kaifi na kallon bango, don ƙota a ƙasa abincin gara ce. Manjagara kada a bar ta kwance haƙora sama. Wanda ya yanke, ya wanke ciwon da sabulu ya je a duba ko yana bukatar allurar tetanus. Butar ban-ruwa a kife ta, kada sauro ya samu wurin ƙwai. Fetur na injin ban-ruwa kuma ba ya kusantar murhu, musamman da hunturu, lokacin da wuta ke tsallakawa daga rumfa zuwa rumfa.

Wani abu da muke yawan gani a ofishin kariya shi ne rigimar aro. Fartanyoyin da aka raba duk kamarsu ɗaya, sai maƙwabta su ɓata a kan guda. Kowa ya yi wa ƙotarsa shaida da wuta ko fenti. Matasa kuma a daina yawo da adda bayan magariba. Mai tsaro a cikin duhu ba zai san daga lambu kake ba. Gidan da ba shi da akwati mai kwaɗo ya sanar da shugaban unguwarsa, a haɗa kayan gidaje da yawa wuri guda, a ba babba ɗaya makulli.