Jarrabawar Jinya da Ciwon Zuciya: A Bakin Gado Ake Shirya Mata

Duk lokacin da jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta ƙarato, ɗakin marasa lafiya yakan fara rasa ɗalibansa. Wanda ya kamata a gani a bakin gado sai a iske shi a lungu, rungume da tsofaffin tambayoyi yana hadda. Darasin da ya fi firgita su kuwa shi ne na zuciya da jijiyoyin jini, saboda yawan lambobi da magunguna masu kama da juna. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu ciwon zuciya, kuma ɗalibai masu zuwa koyon aiki ta hannuna suke bi. Ƙannena, maganata gare ku ɗaya ce: amsoshin da kuke nema a takarda suna nan kwance a gadajen da kuka gudu kuka bari.

Ku lura da yadda ake tsara tambayoyin nan. Ba kasafai ake cewa ku kawo ma'anar cuta ba. Za a ba ku mara lafiya da alamominsa, a jero abubuwa huɗu waɗanda kusan dukkansu daidai ne, sannan a ce wanne za ku fara yi. Haka abin yake a jarrabawarmu ta kwamfuta, haka yake a ta gwajin aiki da ake kira OSCE. Masu niyyar fita waje ma abin da za su tarar ke nan. Jarrabawar NCLEX ta Amurka, tun daga watan Afrilun 2023, ta ƙara ba da ƙarfi ga labarin mara lafiya da ake bi mataki-mataki, don a ga yadda mutum yake yanke shawara. Hadda ba ta koyar da abin da ake farawa da shi. Fahimtar yadda jiki yake aiki ce ke koyarwa.

Ku ɗauki zuciya kamar injin ban-ruwa: in ƙarfinsa ya ragu, ruwa ba ya isa gaba, kuma yana taruwa a baya. Ɓangaren hagu daga huhu yake karɓar jini, don haka in ya gaza, huhu ne ke cika. Mutum ya dinga haki, ya kasa kwanciya sai an tara masa matasai, ya farka tsakar dare yana neman iska. Ɓangaren dama daga sauran jiki yake karɓa, in ya gaza sai ƙafafu su kumbura, hanta ta girma, ciki ya tara ruwa, jijiyoyin wuya su fito. Wanda ya riƙe wannan ba ya bukatar haddace jerin alamomi, domin zai iya fito da su da kansa.

A nan Arewa muna da wata cuta da ɗalibin jinya ba shi da uzurin rashin saninta, wato gazawar zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka ba da rahoton cewa tana samun kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu, adadin da yake cikin mafi yawa a duniya. A lokacin sun danganta ta da wankan jego da ruwan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya, musamman wanda Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, ya karkata hankali zuwa ga ƙarancin sinadarin seleniyam, da rashin abinci mai gina jiki, da hawan jinin masu ciki.

To, a ce an kawo muku mai jego, sati shida da haihuwa. Tana numfashi da ƙyar, gumi na keto mata, tana tari da kumfa mai ɗan ja. Ga zaɓi: kiran likita, ɗaukar tarihinta, ba ta iskar oksijin, ko tayar da ita zaune. Duk za a yi su. Amma na farko shi ne a zaunar da ita a miƙe, ƙafafunta na lilo in hali ya yi, saboda hakan yana rage jinin da ke komawa zuciya, ya ba huhu wurin buɗewa, kuma ba ya ɗaukar ko minti ɗaya. Sai oksijin ya biyo baya. In akwai ƙarin ruwa da ke gudu a rage shi, a aika a kira likita, a auna jini da bugun zuciya, a shirya Lasix da za a rubuta. Ba a barinta ita kaɗai. Tarihi zai jira har numfashi ya daidaita. Wannan tsari na hanyar iska, sai numfashi, sai gudun jini, shi ne yake warware mafi yawan tambayoyin da ke cewa wanne za a fara yi.

Magunguna ma a haɗe ake koyonsu, ba ɗaya-ɗaya ba. Lasix yana fitar da ruwa ta fitsari, amma yana tafiya da fotasiyam. Ma'aunin fotasiyam a jini yana tsakanin 3.5 da 5.0, kuma in ya faɗi ƙasa, digoksin da ake bai wa mara lafiyar yana iya zama masa guba ko da ba a ƙara masa ko ƙwaya ɗaya ba. Shi ya sa kafin a ba da digoksin ake ɗora abin sauraro a ƙirji, a ƙirga bugun zuciya na cikakken minti ɗaya. In ya gaza 60 a jikin babba, a riƙe maganin a sanar da likita. Idan mai shan sa ya ce abinci ya fita ransa, yana tashin zuciya, ko yana ganin abubuwa sun koma ruwan ɗorawa, kada ku ce maleriya ce ku wuce. Fotasiyam ɗin kansa kuma, har abada ba a tura shi kai tsaye cikin jijiya da sirinji. Sai an sirka shi a ruwa ya tafi a hankali, in ba haka ba zai tsayar da zuciya nan take.

Haka za ku bi sauran. Lisinofiril yana kawo busasshen tari, kuma ba a ba mai ciki. Amlodifin yana iya kumbura idon sawu. Mai shan wafarin ana son awonsa na INR ya zauna tsakanin 2 da 3 a mafi yawan lokuta, a kula da zubar jini a dasashi ko baƙin bayan gida. Ba a hana shi zogale da alayyafo, amma kada ya ci da yawa wannan sati ya daina wani satin, don sinadarin da ke cikin ganye yana rage ƙarfin maganin.

Akwai ayyukan da ɗalibai ke rainawa, alhali a nan ake samun maki, a nan kuma ake gano matsala da wuri. Awon nauyi na kullum yana cikinsu: da safe, bayan fitsari, kafin karin kumallo, a sikeli ɗaya da kaya iri ɗaya. Kilo ɗaya da ya ƙaru dare ɗaya ba ƙiba ba ce, kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Wanda ya ƙara sama da kilo 2 cikin kwana uku, zuciyarsa ta fara ja da baya ko da bai fara haki ba. Awon jini ma haka. A bar mutum ya huta minti biyar, ya jingina bayansa, ƙafafu a ƙasa, hannu daidai da ƙirji, a ɗaura masa abin awon da ya dace da kaurin damtsensa. Ƙaramin maɗauri a babban hannu yana ba da lamba sama da gaskiya. Awon da ya kai 140 bisa 90 a ranaku daban-daban shi ne hawan jini, ba awo ɗaya da aka yi wa mutum yana shigowa daga rana ba.

Ciwon ƙirji kuwa ba ya jiran layi. Wanda ya zo da nauyi a ƙirji mai sauka hannun hagu ko haɓa, da gumi, ana son a ɗauki zanen bugun zuciyarsa cikin minti 10 da isowarsa. Ku tuna cewa mata da tsofaffi da masu ciwon suga sukan zo da kasala kawai, ko zafi a saman ciki wanda za a ɗauka olsa ce. Kafin a sa wa namiji maganin ƙarƙashin harshe, a tambaye shi cikin sirri da ladabi ko ya sha maganin ƙarfin maza irin su Viagra, domin haɗuwarsu tana iya faɗar da jini ƙasa warwas. In zuciya ta tsaya, a danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, dannawa 30 hura iska 2. Wannan hannu ne yake koyonsa, don haka ku yi ta maimaitawa a jikin mutum-mutumin gwaji.

Sashen da aka fi sakaci da shi shi ne ilmantar da mara lafiya, ga shi kuwa yana fitowa a jarrabawa, kuma shi ne yake hana mutum dawowa gado. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi. Amma in kuka ce wa Baba ya rage gishiri kuka yi shiru, za a cire gishiri a ninka ɗunƙulen miya. Ku faɗa wa mai girkin gidan cewa ɗunƙule da kanwa da yajin da aka sa wa gishiri duk hukuncinsu ɗaya ga mai ciwon zuciya. Shi Baban kuma ku ce masa, “Baba, saukar jinin nan aikin maganin ne, ba warkewa ba ce. In kun daina sha zai koma.” Ku ce wa mai jego, “Yaya, in nauyinki ya ƙaru ko kin kasa kwanciya, kada ki jira ranar da aka rubuta miki.” Mai niyyar azumi ya zo kafin watan ya kama, likita ya duba ko zai iya, a kuma gyara masa lokutan shan magani. Uwar yaron da ciwon maƙogwaro ya taɓa wa zuciya ta san cewa allurar fenisilin ta bayan sati uku ko huɗu ba a tsallake ta. Ɗalibin da ya iya bayyana waɗannan da Hausar da tsohuwa za ta gane, ya fahimci darasin fiye da wanda ya haddace shi da Turanci.

Ga yadda nake ba da shawarar ku yi shiri. Kowane duti ku zaɓi mara lafiya ɗaya mai ciwon zuciya, ku karanta foldarsa, ku tambayi kanku dalilin kowane magani da kowane gwaji. Da dare ku buɗe littafi a kan cutarsa. Tsofaffin tambayoyi suna da amfani, amma kada ku tsaya ga sanin amsar daidai, ku nemi dalilin da ya sa sauran ukun ba su ne na farko ba. Ku haɗu uku-uku, ɗaya ya zama mara lafiya, ɗaya nas, ɗaya mai ba da maki, kuna faɗin kowane mataki da baki tun daga wanke hannu da gabatar da kai. Ku fara tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma 'yan'uwana manyan nas-nas, kada mu mayar da ɗalibai 'yan aike. Mu tsayar da su kusa da mu lokacin ba da magani, mu tambaye su dalili, mu bar su su ƙirga bugun zuciya da kansu.

Lasisin da kuke nema shaida ce da hukuma za ta ba jama'a cewa ana iya barin rai a hannunku. Watarana za ku kasance ku kaɗai a dutin dare, a asibitin da likita yake nesa, kuma abin da kuka yi a mintuna biyar na farko shi ne zai yi tasiri. Ku yi karatu saboda wannan daren, cin jarrabawa zai biyo baya da yardar Allah. Allah Ya ba ku nasara, Ya sa albarka a hannuwanku.