DARASI: Makaranta da Abin da ke Kewaye da Ita Amana Ce

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya saukar da ruwa daga sama. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi makarantar sakandare ta karkara, wadda aka fi sani da CEG, da kuma ƙasar da take zaune a kanta.

Ƙasar Imanan, wadda babban garinta shi ne Bonkuku, tana kan hanyar Baleyara zuwa Filinge, a cikin kwarin Dallol Boso. Wannan kwari tsohon kogi ne da ya ƙafe tun zamani mai tsawo, ya taso daga yankin Azawak ya gangara har kogin Kwara. Ruwansa bai tafi duka ba, yana nan kwance ƙarƙashin yashi, kusa ƙwarai. Shi ya sa rijiya ba ta yin zurfi, shi ya sa kuma dankalin turawan Bonkuku ya yi suna har kasuwannin Yamai. To, a cikin wannan ni'ima 'ya'yanmu suke yin shekara 4 suna karatu kafin jarrabawar BEPC.

Mu dubi gawo. Da damina yakan zubar da ganyensa, sai gero ya samu rana a ƙarƙashinsa, ganyen kuma ya zama taki. Da rani sai ya yi kore, ya ba da inuwa, 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin da amfanin gona ke bukata. Abin da malamin kimiyya yake zanawa a allo, ga shi tsaye a bakin makaranta. Haka goruba da ake saƙa tabarma da kabarta, da aduwa, da magariya. Alƙur'ani ya yi ta kiranmu zuwa ga duban tsirrai da ruwan sama domin mu yi tunani. Ɗalibin da ya san sunan itace a littafi amma bai san shi a daji ba, karatunsa da saura.

Sai dai amanar nan tana cikin haɗari. Dattawanmu na Imanan da Kurfey ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Inda aka sare sabara da geza a kan tudu, ruwan sama ba ya nutsewa, sai ya kwararo da ƙarfi, ya yanka kwazazzabo, ya binne gonaki da yashi. Makarantar da ba ta da shinge kuwa, iskar hunturu tana cika ajinta da ƙura, zafin Afrilu da Mayu ya haura digiri 40 daidai lokacin shirin jarrabawa. Suratur Rum, aya ta 41, ta danganta ɓarnar da ke bayyana a doron ƙasa ga aikin hannun mutane.

Ga wani abu da ya kamata mu lura da shi. Tun 1975 Nijar take dasa itatuwa ranar 3 ga Agusta, ranar tunawa da samun 'yancin kai. Amma a watan Agusta makaranta tana hutu, ɗalibai suna gona, malamai sun tafi gida. Kafin a koma aji a watan Oktoba ruwa ya ɗauke, awaki sun cinye dashen. Ashe dasawa ba ita ce wuyar ba, reno shi ne aikin.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga dashen Musulmi, ana rubuta masa ladan sadaka. To, itacen da ya mutu cikin wata biyu, wa zai ci daga gare shi? Ladan yana tare da wanda ya raya shi.

Saboda haka muna ba jama'ar masallaci shawara uku. Na farko, ƙungiyar iyayen ɗalibai ta naɗa masu kula da dashe a lokacin hutu, a kewaye kowane da ƙaya. Na biyu, idan an koma aji a damƙa wa kowane ɗalibi itace guda, ya riƙa ba shi ruwa har damina ta zagayo. Na uku, a koya wa yara sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona tare da yi masa aski. Da wannan dabara manoman Maradi da Damagaram suka raya itatuwa a fili kimanin hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980, ba tare da sayen iri ba.

Ya ɗan'uwa, idan ka fito daga sallar Juma'a, ka bi ta makarantar garinku, ka ƙirga itatuwan da ke raye a cikinta, sannan ka tambayi kanka wanne ne naka.

Allah ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu cika amana. Amin.