Fassara Sunan Baƙon Abinci: Darasi Daga Wani Gidan Abinci a Amurka

Gabatarwa

Sunan abinci yana cikin abubuwan da suka fi ba ɗalibin fassara wahala. Wannan maƙala za ta ɗauki misali ɗaya don nuna hanyar da ta dace.

Misali

A shekarar 2013, Aaron Israel, Bayahude, da matarsa Sawako Okochi, 'yar Japan, suka buɗe gidan abinci mai suna Shalom Japan a unguwar Brooklyn ta birnin New York. Abincinsu da ya fi suna ya haɗa ramen da curin matza a kwano ɗaya.

Ramen taliyar alkama ce cikin romo, wadda Japanawa kan dafa da ƙashin alade ko na kaza. Matza kuwa gurasa ce marar yisti da Yahudawa ke ci a Idin Ƙetarewa. Akan niƙa ta, a kwaɓa da ƙwai da kitse, a cura, a dafa a romon kaza. Romon kazar nan ne mahaɗar girkin biyu.

Hanyoyin Fassara

1. Aro: a bar sunan yadda yake. Mai karatu ba zai san abin da ke cikin kwanon ba.
2. Kwatance: a ce "ɗanwaken Yahudawa". Wannan kuskure ne, domin babu wake a ciki, kuma an zubar da tarihin idin.
3. Bayani: "taliya da curin gurasar idi cikin romon kaza".

Kammalawa

Hanya ta uku ta fi tsawo, amma ita ce ba ta yaudarar mai karatu. Kafin ɗalibi ya fassara sunan abinci, ya binciki abin da aka zuba a tukunya.