Darasi na Bakwai: Sassauƙan Kai-Komo na Nauyin da Aka Rataya a Sifirin

Gabatarwa

Idan aka rataya nauyi a sifirin, sifirin zai miƙe har jansa ya daidaita da jan ƙasa. Wurin da nauyin ya tsaya shi ake kira matsaya. Da an ja shi ƙasa kaɗan an saki, sai ya riƙa hawa da sauka. Wannan shi ne sassauƙan kai-komo.

Bayani

A shekarar 1678, Robert Hooke na Ingila ya bayyana cewa ƙarfin jan sifirin yana ƙaruwa gwargwadon miƙewarsa. Saboda haka, ƙarfin da ke mayar da nauyin shi ne F = −kx, inda k ke nufin taurin sifirin, x kuma nisa daga matsaya. Alamar ɗebewa tana nuna cewa ƙarfin kullum matsaya yake fuskanta.

Lokacin kai-komo ɗaya shi ne T = 2π√(m/k), inda m ke nufin nauyi a kilogiram. Alal misali, idan m = 1, k = 100 N/m, to T zai kama daƙiƙa 0.63. Idan aka rataya nauyin a sifirin biyu iri ɗaya gefe da gefe, k zai ninka; idan kuwa aka ɗaura ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, k zai koma rabi.

Jan Hankali ga Malami

Ɗalibai kan zaci ja mai nisa yana tsawaita lokacin. Ba haka ba ne, muddin ba a wuce ƙarfin sifirin ba. Gani ya kori ji: a sa su auna lokacin kai-komo 20 da agogo, su raba da 20, sannan su sauya nisan ja su sake aunawa.

Auna Fahimta

Idan aka ninka nauyin sau 4, yaya T zai kasance?