Karatu daga nesa: malam yana Yamai, ɗalibi yana Tsibiri

Karatu daga nesa shi ne karatun da malam yake wani gari, ɗalibi yake wani gari. Muryar malam ko hotonshi su ne ke zuwa wurin ɗalibi, ta rediyo, ko talabijin, ko salula. Abin ba sabo ba ne ga ƙasar Nijar.

Lakwal ta talabijin

A shekara ta 1964 anka fara lakwal ta talabijin a Yamai, da taimakon Faransa. Lokacin nan malamai sun yi ƙaranci ƙwarai. Sai anka tara gwanayen malamai wuri guda, suna shirya darasi gajere. Ana saka akwatin talabijin cikin aji. Yara suna kallo, suna saurare, suna ba da amsa.

Ba a bar yara su kaɗai da akwati ba. Kowane aji yana da mai kula da shi, saurayi wanda ya gama ƙaramar lakwal, anka ba shi horo na ɗan lokaci. In darasi ya ƙare, shi ke maimaita shi tare da yara. A 1966 anka kai aikin ga wasu ƙauyuka na kewayen Yamai.

Wuta daga rana

Talabijin ba ta aiki sai da wutar lantarki, kuma ƙauyuka ba su da ita. Batir yana da tsada, yana saurin ƙarewa. A 1968 anka gwada faranti mai kama hasken rana ga wata lakwal kusa da Yamai. Akwati ya kama. Daga baya anka saka irin farantin nan ga lakwal da yawa.

Babban masanin aikin rana na Nijar shi ne Abdu Mumuni. An haife shi a Tasawa a 1929. Ya daɗe yana shugabancin ofishin binciken ƙarfin rana na ƙasa. Ya rasu a 1991. Jami'ar Yamai sunanshi take ɗauke da shi.

Abin da bincike ya gano

Masana sun bi sawun yaran talabijin. Sun tarar da yaran suna son zuwa lakwal, ba su cika gudu ba, kuma bakinsu ya buɗe da Faransanci. Amma aikin yana cin kuɗi da yawa, kuma yara kaɗan ya kai gare su. A ƙarshen shekarun 1970 anka tsai da shi.

Ga darasi ukku da anka samu:

1. Akwati ba ya maye gurbin mutum. Sai da mai kula kusa da ɗalibi.
2. In babu wuta, ko babu mai gyara, karatu ya tsaya.
3. Ɗalibi ya fi gane abu da harshen da ya tashi da shi. Abdu Mumuni ya faɗi haka cikin littafinshi na 1964. A 1973 anka buɗe lakwal ta gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram.

Kimiyya sai da hannu

Ilimin kimiyya da na sana'a sun fi wuyar koyarwa daga nesa. Gani ya kori ji, amma taɓawa ta fi gani. Manomin Jiratawa ba zai iya gyaran injin ban ruwa ba don ya gan shi cikin salula kawai. Sai ya kwance shi da hannunshi. Saboda haka malam na nesa yana ba da aikin da za a yi da kayan gida.

Ga misali, gwajin iri. Malam ya yi bayani ta rediyo. Ɗalibi ya ƙidaya ƙwayar hatsi 100. Ya naɗe su cikin tsumma mai laima, ya aje a inuwa. Kullum ya yayyafa ruwa kaɗan. Bayan kwana 7 ya buɗe, ya ƙidaya waɗanda sunka tsira. In 85 sun tsira, iri mai kyau ne. In 40 ne kawai, a nemi wani iri tun ruwa bai sauka ba. Wanda ya yi wannan ya yi kimiyya, ya yi lissafi, kuma ya tsare gonarshi.

Darasin 2020

A watan Maris na 2020 cutar korona ta sa anka rufe makarantun Nijar, har da jami'ar Dan Dikko Dankulodo ta Maraɗi, inda ake koyon kimiyya, da noma, da aikin likita. Sai watan Yuni anka koma. Wanda ke da babbar salula da kuɗin intanet ya iya samun darasi a gida. Ɗan ƙauye da ba ya da su ya zauna hannu sake. Matsalar wuta da ta kuɗi, wadda anka gani tun 1968, ita ce ta dawo.

Kuma darasin da ke zuwa ta salula, da yawanshi a rubuce yake. Wanda ya iya karatu shi ke amfana da shi, har ya taimaki ɗiyanshi.

Tambayoyi

1. A wace shekara anka fara lakwal ta talabijin?
2. Mene ne aikin mai kula da aji?
3. An jiƙa ƙwaya 100, sai 62 sunka tsira. Nawa ne ba su tsira ba? A shuka irin nan, ko a canza shi?