DARASI A KAN FARAUTA DA RIƘON BINDIGA KUSA DA IYAKA

 Ya 'yan'uwa Musulmi, wannan darasi na mafarauta ne da duk wanda ya ajiye bindiga a ɗaka, musamman mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum. Sau da yawa za ka ji mutum ya ce, "Ai farauta halal ce, to mene ne nawa da takarda?" Ka sani, ya ɗan'uwa, halaccin nama daban, halaccin riƙon makami daban.

Mas'ala ta farko: hukuncin shari'a

Farauta halal ce ga mai neman abinci ko abin sayarwa. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta har abin da kare mai horo ya kamo wa ubangidansa. Sharaɗi shi ne ka yi niyya, ka ambaci sunan Allah lokacin harbi, harbin ya fitar da jini, in kuwa ka tarar da dabbar da sauran rai to sai ka yanka. Farautar wasa kawai, mai Risala ya sanya ta cikin makaruhi.

Shi kuwa makami amana ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, ya kuma umurci mai ratsa kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu. To ina ga wanda zai shiga kasuwar Gummi da bindiga a ɗure? Wanda ya harbi mutum a duhu yana zaton gada ce, aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara: 'yanta bawa, in babu, azumin wata 2 a jere. Laya da guru da ake cewa maganin bindiga ne, wallahi ba sa tare harsashi, sai dai su ɓata wa mutum tauhidi.

Mas'ala ta biyu: dokar ƙasa

Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindiga gida 3. Na farko, makaman yaƙi irin su mashinga da bindigar soja, har da fistol: waɗannan sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na biyu, bindigar harbi irin mai baki biyu: lasisinta yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku, bindigar gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki: takardarta tana wajen Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ba a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi. Dokar soja ta 1984 ta yanka wa mai bindiga ba lasisi tarar Naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun.

Kada wani ya ce wannan dokar boko ce. Shugaba yana da ikon taƙaita abin da yake halal don tsare jinin jama'a, bin sa a nan kuwa wajibi ne tunda ba saɓon Allah ya yi umurni da shi ba.

Mas'ala ta uku: iyaka

Ƙasashen nan uku ba su taɓa Jamhuriyar Nijar ba, ta wajen Zurmi ne Zamfara ta haɗa iyaka da ita. Amma dazuzzuka a haɗe suke, hanyoyin Illela zuwa Ƙonni da Jibiya zuwa Maraɗi kuma ba su da nisa. Dabba ba ta san iyaka ba, kai kuwa ka sani. Lasisinka na Nijeriya ba ya aiki a can, domin Nijar tana da tata dokar farauta ta 1998 da nata izini. Haka kuma shigo da bindiga ko harsashi ta ɓarauniyar hanya fasa-ƙwauri ne, ko da ɗan'uwanka ne ya ba ka kyauta. Tun rushewar gwamnatin Libiya a 2011 makamai suka watsu a Sahel, har suka iso dazuzzukanmu. Malamai sun haramta cinikin makami a lokacin fitina. Mai sayen bindigar sumoga yana raya kasuwar da ɓarayin daji ke ci a cikinta.

Mas'ala ta huɗu: to kare kai fa?

Ba mu manta da watan Janairu na 2022 ba, lokacin da aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum: gwamnati ta ce mutum 58 suka rasu, mazauna wurin suka ce sun kai kusan 200. Kare rai da iyali haƙƙi ne, babu jayayya. Sai dai dubi abin da ya biyo baya. A watan Yuni na shekarar, gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi bindiga, Babban Hafsan Tsaro ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Ashe ko maganar gwamna ba ta zama lasisi ba, balle ta maƙwabci. Mai son ba da gudummawa ga tsaro ya bi ta hannun hukuma da sarakuna, kada ya zama alƙali da hauni shi kaɗai, ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba don ƙabilarsa.

Mu tuna kuma da mafarauta 16 da aka kashe bisa zalunci a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, suna kan hanyar komawa Kano, bayan an ga bindigogin gargajiya a motarsu. Allah Ya jiƙansu. A wannan zamani, duk wanda aka gani da bindiga a inda ba a san shi ba yana cikin hatsari.

Don haka, ya kai mafarauci, nemi takarda kafin bindiga. Sanar da hakimi da jami'an tsaro kafin ka shiga daji. Kada ka harbi abin da ba ka gani sarai ba. Sauke ɗuri kafin ka shigo gari, ka ajiye ta inda yara ba sa kaiwa. Kada ka ba da aronta, kada ka ƙetare iyaka da ita.

Allah Ya tsare jinin Musulmi, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.